Ba Kowane Jini Ne Basir Ba

Yau na zo da maganar da yawancinmu ba mu so a ɗauko ta cikin mutane, watau maganar bayan gida da jinin da kan biyo shi. Na san akwai waɗanda za su ce wannan malama ba ta da ta-ido. To, ku gafarce ni. Masu iya magana sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, ni kuwa na ga inda kunya ta kai mace kushewa, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Abin da ya ta da maganar shi ne, a watan Yuli na shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta buɗe sababbin cibiyoyi uku na maganin ciwon daji, ɗaya a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ɗaya a Inugu, ɗaya kuma a Binin. Suna cikin guda shida da aka tsara, sauran ukun su ne na Zariya da Jos da Ikko. Mu mutanen Zurmi labarin ya yi mana daɗi, gama Katsina maƙwabciyarmu ce, in hanya na lafiya ta Jibiya mu ke bi mu shiga. Amma da na zauna na yi tunani sai na ga akwai sauran tambaya. Macen da ke Zurmi, ko Shinkafi, ko Ƙauran Namoda, wadda ciwon daji ya kama babban hanjinta, me zai kai ta wannan cibiya, kuma a wane hali za ta isa? Shi wannan ciwo babban maganinsa fiɗa ce, watau tiyata, fiɗar kuwa iri-iri ce. Akwai mai sauƙi wadda ko ciki ba a tsagawa, akwai mai tsanani wadda a ke yi don a ceci rai kawai. Ranar da mutum ya je asibiti ita ce ke zaɓa masa wadda za a yi masa.

ABIN DA NA GANI DA IDONA

Ina da wata gwaggo, ƙanwar mahaifina, mace mai ƙwazo, mai sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Shekarunta ba su wuce hamsin ba sa'ad da ta fara ganin jini in ta zaga. Kamar yadda kowa zai ce, ta ce basir ne. Ta sha jiƙo, ta sha saiwa, ta sha na masu lasifikar nan da ke yawo ran kasuwa, duk wanda aka kwatanta mata sai ta aiki yaro ya sayo. In jinin ya ɗauke a ce magani ya ci, in ya dawo bayan mako biyu a ce ai ta ci yaji ne. Haka aka yi ta yi har kusan shekara biyu. Tana ta ramewa, mu kuwa muna cewa wahalar tuya ce da zafin wuta.

Ran nan da dare cikinta ya ɗaure, ba bayan gida, ba ko iska, ga amai, ciki ya kumbura kamar ganga. Ba mai iya fita da mota a wannan lokaci saboda halin da hanyoyinmu ke ciki, sai da gari ya waye. Daga asibitin kusa aka tura mu na gaba, daga can kuma aka tura mu babba. Kafin a shiga da ita ɗakin fiɗa likita ya tambaye ta tun yaushe ta ke ganin jini. Ta yi shiru. Da ya fita sai ta jawo hannuna ta ce, "'Yar nan, yaya zan buɗe wa wannan yaro jikina? Ai sa'an ɗana ne." Na ce, "Gwaggo, ai aikinsa ke nan." Ta ce, "Aikinsa ne, amma ni ban saba ba."

An yi fiɗar, an ceci ranta a wannan rana, aka fito da ita da jaka a gefen ciki. Amma likita ya kira mazan gida ya gaya musu ciwon ya riga ya kai hanta. Ta yi wata bakwai, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Mun sani kwana in ya ƙare ba mai ƙara shi. Duk da haka maganar likitan har yau tana kunnena, da ya ce da an zo tun farkon ganin jini, da aikin da za a yi mata ba wannan ba ne.

MENE NE CIWON?

A darasin kiwon lafiya na kan zana wa 'yan aji shida hanyar abinci a allo. Abinci in ya bar tumbi sai ya shiga ƙaramin hanji, mai tsawon kamar mita 6, inda jiki ke tsotse amfaninsa. Abin da ya rage ya wuce babban hanji, wanda tsawonsa kamar mita ɗaya da rabi ne, watau ƙafa 5. Ya tashi daga ƙasan ciki ta dama, ya hau sama, ya gitta zuwa hagu, sa'an nan ya gangara har dubura. Aikinsa shi ne ya tsotse ruwa, ya mai da saura bayan gida.

Ciwon dajin hanji yawanci ya kan fara ne da ɗan tsiro a bangon hanji ta ciki, ƙarami kamar ƙwayar wake, ba zafi ba raɗaɗi. Ba kowane tsiro ke zama daji ba, wanda zai zama kuwa ya kan ɗauki shekaru, har kamar goma. In ya rikiɗe sai ya fara cin bangon hanjin. Likitoci sun kasa tafiyarsa mataki huɗu. A na ɗaya yana jikin bango bai yi zurfi ba. A na biyu ya ratsa bangon. A na uku ya shiga 'yan kaluluwar da ke kewaye da hanji. A na huɗu ya bi jini ya sauka a hanta ko huhu.

Kada wata ta ce wannan ciwon Turawa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum fiye da miliyan 1.9 aka samu da ciwon dajin hanji da dubura, fiye da 930,000 kuma suka mutu. Shi ne na uku wajen yawa cikin ire-iren ciwon daji, kuma na biyu wajen kisa, daga na huhu sai shi. A Amurka, inda a ke ajiye lissafi sosai, cikin mutum 10 da aka gano ciwonsu tun bai fita daga hanji ba, kimanin 9 suna raye bayan shekara biyar. Cikin 10 da aka gano bayan ya yaɗu nesa kuwa, ba su kai 2 ba. Likitocinmu na Nijeriya, musamman na asibitin koyarwa na Ile-Ife, sun daɗe suna nuna cewa yawancin masu wannan ciwo a ƙasarmu sai ya yi nisa su ke zuwa asibiti, kuma da yawansu ba tsofaffi ba ne. Ko a Amurkan ma, ɗan wasan fim ɗin nan Chadwick Boseman, wanda ya fito a Black Panther, an gano nasa a 2016 a mataki na uku, ya mutu a watan Agusta 2020 yana da shekara 43.

ALAMOMIN DA BA A SAKE DA SU

Gaskiya ne basir yana sa jini, atuni ma yana sawa, kuma yawancin masu ganin jini ba daji gare su ba. Amma ba mai iya bambancewa da ido ko da ji a jiki, sai an duba. Mutum ma yana iya kasancewa da basir da daji a lokaci guda. Saboda haka in jini ya yi ta dawowa, ko ya gauraya da bayan gida, ko bayan gidan ya yi baƙi, ko ya sirance, ko gudawa da ɗaurewar ciki suka yi ta karɓa-karɓa har makonni, ko kina jin kamar ba ki gama ba alhali kin gama, ko kina ramewa ba dalili, to, lokacin jiƙo ya wuce.

Akwai kuma alama ɗaya da ta fi ɓuya a jikinmu mata, ita ce ƙarancin jini. In ciwon yana ɓangaren dama na hanji, jini ya kan riƙa tsatsa kaɗan-kaɗan ba a gani. Mace ta yi ta gajiya, ta yi ta haki, tafin hannunta ya yi fari. Da ya ke mun saba da ƙarancin jini saboda al'ada da haihuwa, sai a ba ta maganin ƙarin jini a sallame ta. To, macen da al'ada ta ɗauke mata, in aka ce jininta ya yi ƙasa, ya kamata a tambaya ta ina ya ke fita. Haka kuma wadda uwarta, ko ubanta, ko wani ɗan ɗakinsu ya yi wannan ciwo, ta gaya wa likita, gama ya kan bi jini a wasu gidaje.

IRE-IREN FIƊAR

Kafin fiɗa sai awo. Likita zai fara duba dubura da yatsa, abin da ba ya ɗaukar minti ɗaya. Sa'an nan akwai wani siririn bututu mai fitila da kyamara a baki, wanda a ke zurawa ta dubura a leƙa babban hanji daga farko har ƙarshe. Likitoci na kiran wannan awo kolonoskofi. A kan ba mutum maganin wankin ciki tun jajibiri, a kuma ba shi abin da zai kashe masa zafi. In an ga wani abu sai a gutsuro kaɗan a kai ɗakin awo, can ne za a tabbatar ko daji ne. In shi ne, sai a ɗauki hoton ciki da na ƙirji a ga iyakar inda ya kai. Daga nan a ke sanin aikin da ya dace.

Aiki na farko, mafi sauƙi, shi ne a cire tsiron ta cikin wannan bututu. A kan zarga masa 'yar waya kamar tarko a tsinke shi. Ba tsaga, ba ɗinki, sau da yawa ma a ranar mutum ke komawa gida. In tsiron bai rikiɗe ba, an kashe ciwon tun bai haihu ba ke nan. In ma ya fara rikiɗewa amma yana sama-sama, wani lokaci wannan ya wadatar.

Aiki na biyu shi ne wanda aka fi yi, watau a yanke sashen hanjin da ciwon ya ke, tare da ɗan lafiyayyen wuri ta kowane gefe, da jijiyoyin jinin da ke ciyar da wurin, da kaluluwarsa, kana a haɗa bakin biyu a ɗinke. In ciwon na dama a cire na dama, in na hagu a cire na hagu. Ƙa'idar likitoci ita ce a duba kaluluwa aƙalla 12 a ɗakin awo, domin su ne za su nuna ko ciwon ya fara tafiya. Mutum yana rayuwarsa lafiya lau da ragowar hanjin, ya ci tuwo, ya yi noma, mace ta yi aikin gidanta, bayan gida kuma ta hanyar da aka saba. Yawanci kamar mako guda a ke yi a asibiti.

Ta hanya biyu a ke yin wannan aiki. Ko dai a tsaga ciki, ko a yi 'yan huji ƙanana a zura kyamara da dogayen kayan aiki, likita na kallo a allon talabijin. An fara ba da rahoton cire hanji ta wannan sabuwar hanya a 1991. Mai 'yan huji ya fi saurin warkewa da ƙarancin zafi, amma binciken likitoci ya nuna wajen kawar da ciwon duk ɗaya ne. Saboda haka wadda aka ce za a tsaga mata ciki kada ta ga kamar an rage mata wani abu. Abin nema shi ne ƙwararren hannu. Ba zan ɓoye muku ba, aikin yana da haɗarinsa. A kan zub da jini, rauni kan yi ruwa, wani lokaci kuma wurin da aka ɗinke ya yi yoyo har a sake komawa ɗakin fiɗa. Don haka ne a ke son a yi shi a natse, bayan an gyara jinin majiyyaci an shirya shi.

In awo ya nuna ciwon ya shiga kaluluwa, bayan fiɗa sai a bi da maganin da a ke kira kemo, na tsawon wata 3 zuwa 6, don ya kashe abin da ido bai gani ba. Shi kuwa injin gashin daji, wanda aka fi ambata in ana maganar sababbin cibiyoyi, amfaninsa ya fi yawa ga ciwon mama da na bakin mahaifa da na dubura. Ga babban hanji, likitan fiɗa shi ne kan gaba.

Aiki na uku shi ne na gaggawa, irin wanda aka yi wa gwaggona. In ciwon ya toshe hanji, ko hanjin ya fashe, ba sauran lokacin shiri. Majiyyaci ya galabaita, ruwan jikinsa ya ƙare, hanji ya kumbura, in aka ɗinke shi a haka ɗinkin na iya warwarewa. Sai likita ya yanke wurin ciwon, ya rufe ɓangaren ƙasa, ya fito da bakin na sama ta fatar ciki, bayan gida ya riƙa zuba cikin jaka. Wani likitan Faransa mai suna Henri Hartmann ya bayyana wannan dabara a 1921, har yau kuma da sunansa a ke kiranta. In mutum ya murmure, bayan watanni a kan iya sake fiɗa a mayar da hanjin yadda ya ke. Amma fiɗar gaggawa ta fi ta natsuwa haɗari nesa ba kusa ba, ta kuma fi cin kuɗi.

Aiki na huɗu shi ne na wanda ciwonsa ya yaɗu. Ko a nan ba a yanke ƙauna. In wuraren da ya taɓa a hanta kaɗan ne, a manyan asibitoci a kan yanke wannan yanki, gama hanta tana sake tofowa, wasu kuma sun warke ta haka. In ya wuce nan, sai a yi aikin sauƙaƙawa, a buɗe wa bayan gida hanya, a tsai da jini, a ba da kemo da maganin zafi, don mutum ya ci abinci ya yi barci ya yi sallarsa cikin natsuwa.

Ku duba ku gani, ciwo ɗaya ne, amma tsakanin aiki na farko da na huɗu akwai tazarar sama da ƙasa. Abin da ya raba su kuwa watanni ne da shekarun da aka ɓata ana kiran abin basir.

"DAJI BA YA SON ƘARFE"

Kowace mace a ƙasar nan ta taɓa jin an ce ciwon daji ba ya son allura, ba ya son wuƙa, da an taɓa shi da ƙarfe sai ya watsu. Na san inda wannan magana ta samo ƙarfi. Mutanenmu ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci ya cinye. A yi fiɗa, bayan 'yan watanni mutum ya rasu, sai a ce wuƙa ce ta kashe shi, alhali kuwa ciwon ya riga wuƙar isa hanta. Maƙwabta su ji, su ƙara jin tsoro, su ma su ƙi zuwa sai a makare, su ma a ce wuƙa ce. Haka abin ke ta zagayawa.

Ga misali biyu da duniya ta sani. Ran 13 ga Yuli 1985 aka yi wa Shugaban Amurka Ronald Reagan fiɗa, aka yanke kamar ƙafa 2 na hanjinsa saboda ciwon daji. Ya koma ofis, ya gama mulkinsa, bai mutu ba sai 2004 yana da shekara 93, kuma ba wannan ciwo ya kashe shi ba. Haka mahaifiyar Sarauniyar Ingila Elizabeth, an cire mata ciwon daji daga hanji a watan Disamba 1966, ta rayu har 2002, ta mutu tana da shekara 101. Ƙarfe ya taɓa su, ciwon bai watsu ba. Wata za ta ce ai su masu mulki ne. Gaskiya ne, amma abin da mulkin ya ba su shi ne an duba su da wuri. Mu yi addu'a, mu yi sadaka, mu kuma je a duba mu. Ɗaya ba ya hana ɗaya.

MAGANAR JAKA

Na lura abin da mata suka fi tsoro, fiye ma da mutuwa, shi ne jakar nan. Wata ta ce mijinta zai ƙyamace ta, wata ta ce kishiya za ta samu abin gori, wata ta ce sallarta ba za ta yi ba. To, a sani, yawancin waɗanda aka yi wa fiɗar babban hanji a kan lokaci ba a sa musu jaka sam. Waɗanda aka fi bari da ita har abada su ne masu ciwo can ƙasa daf da bakin dubura. Sauran kuwa sau da yawa ta 'yan watanni ce. Ashe wadda ta ƙi zuwa asibiti don tsoron jaka, ita ce ke tura kanta wajen jakar.

Wadda kuma aka sa wa, rayuwa ba ta ƙare ba. Jakar tana manne da fata, tana ɓuya ƙarƙashin zane, in ana sauya ta da tsabta ba mai jin wari. Game da salla, malamanmu sun san hukuncin mai lalurar da ba ya iya riƙewa, malaman Azhar ta Misira ma sun ba da fatawa cewa mai jaka zai yi alwala ya yi sallarsa. A tambayi malami, kada a bar salla, kada kuma a bar magani. Matsalar gaske ita ce samun jakar kanta. Mu sai birni mu ke aikawa a sayo wa gwaggo, ran da ta yanke kuwa sai leda da tsumma, fata ta yi ta saɓulewa.

ME YA TARE HANYA?

Yanzu mu koma kan tambayarmu ta farko. Abu huɗu na gani tsakanin macen Zurmi da fiɗa a kan lokaci.

Na farko, wurin awo. Asibitocinmu na Zurmi da Shinkafi suna fama da tamowa da zazzaɓin cizon sauro da haihuwa, ga ƙarancin ma'aikata. A watan Disamba 2023 ma sai da ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta janye wasu ma'aikatanta daga Zurmi saboda faɗan da aka yi ta yi. Ƙwararrun likitocin fiɗa da manyan kayan awo suna manyan asibitoci ne, irin su Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Shika a Zariya, da na Malam Aminu Kano, da na Katsina. Mace ba ta tashi daga ɗakinta ta nufi Shika don ta ga ɗigon jini. Sai wani ma'aikacin lafiya na kusa ya duba ta, ya ce mata wannan ya wuce basir, ya rubuta mata takarda.

Na biyu, kuɗi. Asusun taimakon masu ciwon daji na Gwamnatin Tarayya, wanda ya soma aiki a 2021, ya fara ne da ciwo uku, na mama da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza, babu na hanji a ciki. A watan Mayu 2022 aka sa hannu a dokar inshorar lafiya ta ƙasa wadda ta wajabta wa kowa shiga, amma macen ƙauye mai tuyar ƙuli har yanzu daga ƙullin zanenta ta ke biya. Awo kuɗi, hoto kuɗi, fiɗa kuɗi, ga abincin masu jiyya a garin da ba naka ba. Akuya ta tafi, tunkiya ta bi, daga nan a taɓa gona.

Na uku, hanya. Mai kemo ba sau ɗaya zai je ba, zai yi ta zirga-zirga duk bayan mako biyu ko uku har watanni. Kowa ya san abin da ke faruwa a hanyar Ƙaura zuwa Zurmi da ta Zurmi zuwa Jibiya a 'yan shekarun nan. Wanda ya fasa tafiya sau biyu don tsoron 'yan bindiga, maganinsa ya katse.

Na huɗu yana cikin gidajenmu. Mace ba ta fita sai da izini, ba a yi mata fiɗa a al'adarmu sai maigida ko wa ko uba ya yarda, ga shi kuma ba ta iya buɗe baki ta gaya musu ainihin abin da ke damunta. In an zo ƙarin jini kuwa, sai ka ga 'yan uwa suna zamewa ɗaya bayan ɗaya. Maza, ina roƙonku da girman Allah, in iyalinku ta ce tana son zuwa asibiti, kada ku ce mata ga saiwa. Jinin da za ku bayar kuma jiki zai mayar da shi cikin 'yan makonni.

ABIN DA YA KAMATA A YI

A farkon 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan harkar lafiya a Jihar Zamfara. Ina ganin ga inda za a gwada ta. A koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci cewa duk babban mutum da ya zo da jini a bayan gida a duba shi kafin a ba shi magani, in abin ya ƙi ci a tura shi gaba. A sa mata cikin masu dubawar, gama da akwai mace a ɗakin da gwaggona ba ta yi shiru ba. A tabbatar akwai na'urar leƙa hanji mai aiki a jihar, a kan kuɗin da talaka zai iya. A Amurka tun 2021 aka sauko da shekarun fara awo daga 50 zuwa 45, ko mutum ba ya jin kome, kuma akwai awon bayan gida mai sauƙi da ke gano ɓoyayyen jini, wanda ƙaramin asibiti ma zai iya yi. Wakilanmu na Abuja su nemi a tabbatar ciwon hanji ya samu gurbinsa a asusun taimako, a kuma samar da jakunkuna a manyan asibitoci. Hukumar NAFDAC kuwa ta sa ido a kan masu lasifikar da ke rantsuwa cewa kwalba ɗaya na maganin kowane jini.

Mu ma akwai namu a madafa. Tun 1971 wani likitan fiɗa da ya daɗe yana aiki a Uganda, Denis Burkitt, ya ja hankalin duniya cewa abincin Afirka mai dusa yana da alaƙa da ƙarancin wannan ciwo. Gero da dawa da wake da zogale da rama da kuka ba abincin rashi ba ne, kada mu yar da su saboda farin fulawa da naman gwangwani. Amma abinci rigakafi ne. In jini ya riga ya bayyana, sai awo.

'Yan uwana, ba a fafe gora ranar tafiya. In ke ce ke ganin jini, ki faɗa wa wata yau. In Inna ce ko Gwaggo ko uwar miji ta ke ta aiken yaro sayen maganin basir wata da watanni, ki zauna kusa da ita ki tambaye ta a hankali, ki ce za ki raka ta, ki tsaya tare da ita a ɗakin likita. Ni ban yi wa tawa gwaggon haka ba sai da lokaci ya ƙure. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, amin. Sai wani makon in Allah ya kai mu.